Shamuwar Gidan Baba Jibo

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ku matso. Jiya ɗayanku ya tsaya a ƙofar shagon nan ya ɗaga waya sama ya danna, ya zo yana nuna mini wani baƙin ɗigo a kan turken lantarki, wai hoton tsuntsu ya ɗauka, wai abin ba wuya, yanzu kowa mai hoto ne. Ban yi masa musu ba, don ni ma da irin wannan ƙarfin halin na fara. Na daɗe ina ɗaukar hoton mutane a garin Daura kafin in taɓa auna tsuntsu da kyamara, kuma ranar da na fara sai da na koma ɗan koyo, ga furfura ta fara fito mini a gemu.

A wurin Alhaji Tanimu na koyi aikin nan, Allah ya jiƙansa. Shagonsa yana da labule mai zanen gidan sama da jirgi yana wucewa, da furen roba a cikin tukunya, da kujera mai hannu, da kwat ɗaya da kowane mai neman hoton fasfo yake sawa, ƙato ne ko siriri. Na daɗe aikina shara da goge gilashi da miƙa wa amare hoda kafin ya bar ni in taɓa kyamara. Dokarsa ba ta da yawa. Mutum ya cika hoto, bayansa ya zama a share, idonsa ya kalli kyamara. Don samun idon nan, sai ka kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ka sa hannun dama a kan madanni, ka ɗaga na hagu ka ƙyasta yatsu ka ce, “A duba nan!” sannan ka danna. Idan na manta ƙyastawar, Alhaji ba ya magana, mataji yake bugo mini a bayan hannu. Da haka abin ya shiga jikina, har jaririn da ke tsala kuka ina iya juyo da fuskarsa.

Na buɗe nawa shagon, aka yi shekaru ana cin kasuwa. Ranar salla layi har bakin titi. Sai ga shekarar da wayoyi masu kyamara suka cika gari, kuma masu kwamfuta suka fara fitar da fasfo kafin mutum ya gama gyara hula. Ni kuwa har lokacin da fim nake aiki, sai na ba direba a tasha ya kai Katsina a wanko. A shekarar na ga salla ta zo ta wuce bencin ƙofata ba kowa sai akuyar maƙwabta. Na koma sayar da batir da katin waya, kyamara tana rataye tana shan ƙura.

A bazarar wannan shekara ce wata mata ta yi sallama a shagon. Malama Rabi, malamar firamare ce a nan cikin gari, na taɓa ɗaukar hoton ’yan ajinta. Ta ƙi zama.

“Malam Iro, kana ɗaukar tsuntsu?”

Na ce, “Malama, ni da na ɗauki ango yana rawar jiki, tsuntsu ne zai gagare ni?”

Ba ta yi dariya ba. Ta ce mahaifinta, Baba Jibo, manomi ne a wani ƙauye gaba da Sandamu. Ciwo ya fito masa a ƙafa ya ƙi warkewa, suka kawo shi gidanta don kullum ana kai shi asibiti a wanke masa. An gaya musu ƙiri-ƙiri, idan aka bar wankin nan ƙafar ba za ta tsira ba. Da farko yana ba da haɗin kai. Sai wani mai zuwa dubiya daga ƙauyen ya saki baki ya ce bana shamuwa ta sauka a unguwa, amma bai gan ta a tsamiyar gidan Baba ba. Shi kuwa tun zamanin mahaifinsa shamuwa ba ta taɓa tsallake wannan tsamiya ba, da ita yake sanin lokacin fito da iri. Daga ranar ya juya fuska bango. Ya ce tsuntsuwa ta ga gidan ba mai shi, nasa ya ƙare, a mayar da shi ya mutu a ɗakinsa. Ya daina karɓar magani, abinci ma sai an yi da gaske yake kurɓar ruwan kunu.

“To ta sauka ɗin?” na tambaye ta.

“Ta sauka, wallahi. Bayan mutumin ya taho ta zo, har ta fara sheƙa. Mun faɗa masa, ya ce lallashinsa muke. Ƙanena ya ɗauko a waya, Baba ya duba ya ce kashin ƙuda muke nuna masa. Ka kawo masa ita a takarda, yadda zai riƙe a hannu.”

Kada ku so ku ga murnata. Na daɗe ba wanda ya ce mini ga aiki. Washegari na sa farar shaddata da aka yi wa guga, na fesa turare kamar mai zuwa ɗaurin aure, na ɗaure ƙafafun kyamara a bayan babur na kama hanyar Sandamu. Sai da na karya kumallo a tsanake, don haka rana ta take tsaka lokacin da na isa.

Ƙanen Malama ya yi mini iso. Tsamiyar tana tsakiyar gida, babba, ƙarƙashinta duk fari fat da kashin tsuntsu. A gindinta na tarar da Inna Dije, matar Baba, ’yar tsohuwa mai kaifin ido, tana tsince wake a faifai. Na gaishe ta, ta dube ni daga hula har takalmi.

“Kai ne mai hoton? To Allah ya sa su san da zuwanka.”

Na ɗaga kai, ga su nan. Guda biyu, baƙaƙe masu farin ciki, ɗaya a tsaye a kan tarin ƙirare, ɗaya tana tafiya tana dawowa da kara a baki. Na kafa kyamara a fili, na karkata ta sama, na leƙa. Duk lokacin da na ga tsuntsuwa ta tsaya daidai sai in danna. Ku da ba ku san kyamarar fim ba, a daidai lokacin da ka danna idonta yakan rufe, ba ka ganin komai. Da ya buɗe sai in ga reshe ba kowa, in ce a raina ai na riga ta. Na cinye fim ɗin nan kaf, na yi wa Inna sallama ina baza riga, na ce ta gaya wa mutan gida aiki ya kammala.

Da direba ya kawo mini ambulan daga Katsina, a tasha na farke shi don ɗoki. Reshe. Reshe. Sama fara tas da ganye baƙi ƙirin. A ɗaya akwai ƙafafu biyu ja suna fita ta saman hoto. A wani akwai jela. Wanda tsuntsuwar ta fito a ciki gaba ɗaya kuwa, hasken sama ya cinye ta, ta zama kamar tsumman da iska ta rataya a bishiya. Direban ya leƙo ta kafaɗata ya ce, “Oga, itace aka ce ka ɗauko?” Ban kai wa Malama ko ɗaya ba. Na ce mata a ƙara mini haƙuri, ta ce ita tana da shi, Baba ne ba shi da shi.

Na koma na zauna da hotunan ina nazari, sai na gane abu na farko. A shago ni ke da haske, in kunna fitila in kashe, in matsar da ita inda na so. A waje kuwa hasken na Allah ne, sai dai ka bi shi. Baƙin tsuntsu a farar samaniya da tsakar rana ba ya fitowa. Dole rana ta kasance ƙasa-ƙasa, kuma a bayanka. Na je gidan marigayi Alhaji Tanimu na roƙi iyalinsa aron wani dogon gilashin kyamara da na san yana cikin akwatinsa, mai jawo nesa kusa. Shi kansa Alhaji bai cika amfani da shi ba, yana cewa mai hoton kirki da ƙafarsa yake matsawa.

Zuwa na biyu, ana idar da sallar asuba na tayar da babur. Na isa rana tana fitowa, na kafa kyamara ta gabas da bishiyar. Tsuntsuwa ta sauka, na daidaita, na danna, ta tashi. Ta dawo, na danna, ta sake tashi. Sai na ji Inna Dije tana dariya har da tari.

“Ɗan nan, wai kiran su kake ko kora?”

Na ce, “Inna, me na yi?”

“Yo kai ba ka jin kanka? Duk sanda za ka taɓa abin nan sai ka ɗaga hannu ka yi ƙas, ka ce a duba nan. Wancan zuwan ma haka ka wuni kana yi, na ce ko cikin aikin ne. Su wa za su duba? Da wannan ƙas ɗin muke korar kaji daga shanya.”

Na dubi hannuna na hagu, ga shi a sama, yatsu a haɗe. Wallahi ban san ina yi ba. Na sa shi a aljihu, tsuntsuwa ta sauka, sai ga shi ya fito da kansa. Inna ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wata tsohuwar rigar noma ta Baba ta ce in rufe wannan shaddar mai kashe ido. Ta damƙa mini wake cike da hannun hagu ta ce idan na zubar mata ko ƙwaya ɗaya sai na tsince. Ta ɓantaro goro ta ce in sa a baki in yi shiru. Sannan ta sa na sauke ƙafafun kyamarar ƙasa, na zauna kusa da turmi inda surukarta ke daka.

“Mu sun saba da mu,” in ji ta. “Wanda ya tsaya ƙiƙam yana kallon su ne ba su yarda da shi ba.”

Haka na zauna, wake a hannu, goro a baki, ana daka a gefen kunnena. Ƙafata ta yi sanyi, tururuwa ta hau ni, ban motsa ba. Can sai ga shamuwar ta sauko a hankali ta tsaya a bakin sheƙa, rana ta haske ta sosai. Na leƙa ta dogon gilashin nan. Yara, tun ina yawo ba wando nake ganin shamuwa, amma ban taɓa sanin fuskarta shuɗiya ba ce. Shuɗi sosai, da ɗan ja a gaban ido. Baƙin bayan nan nata kuma ashe ba baƙi ba ne zalla, yana walƙiya da kore da shunayya idan ta juya. Ɗayar ta iso da kara, suka sunkuyar da kai ga juna suna kaɗa baki. Na danna. Ba wadda ta tashi. Na sake dannawa, na sake. Daɗi ya kama ni har na haɗiye goron ban tauna ba. Da fim ya ƙare na miƙe na yi kabbara, waken Inna ya watse a tsakar gida, kuma sai da na tsince shi tas kafin ta bar ni na tafi.

Wannan karon da ambulan ya zo, ’yan tasha suka taru a kaina. Hoto ɗaya ya fita daban. Tsuntsuwa ta cika takarda, ido a buɗe, kowane gashi ana ƙirga shi, bayanta kore shar ba abin da ya dame shi. Ko Alhaji Tanimu da ya gani sai ya gyaɗa kai. Na sa aka faɗaɗa shi, na saka a firam na ɗauka zuwa gidan Malama ina tafe kamar ba na taka ƙasa.

Baba Jibo yana kwance a kan katifa a ɗakin zaure, ƙafa a naɗe da bandeji, ya rame har kafaɗunsa sun fito. Kofin kunu yana gefensa ya yi sanyi. Na durƙusa na gaishe shi, Malama ta tallafo shi ta sa masa hoton a hannu. Ya daɗe yana dubawa.

“Shamuwa ce,” ya ce. “Ban musa ba. Kyakkyawa kuwa.”

Malama ta ce, “To ka gani, Baba.”

“Ta gidan wa?”

Na dubi Malama, ita ma ta dube ni.

“Na ce ta gidan wa ce? Irin wannan ai har a kalanda ana sayarwa. Ɗan nan, ka iya aikinka, Allah ya yi maka albarka. Amma ni ban ga gidana a nan ba.” Ya miƙo mini firam ɗin ya koma ya kwanta. “Rabi, ki nemo mota. Na gaji da wasan yara.”

A waje Malama ta ce mini yayyenta sun fara karaya, suna cewa a bi masa abin da yake so kada ya cika yana fushi da su. Idan aka wayi gari jibi bai sauko ba, za su mayar da shi. Na ce ta riƙe su. Raina ya ɓaci, kuma ba da tsohon ba. Duk abin da aka koya mini na zuba a hoton nan, na share bayan tsuntsuwa tas kamar mai neman fasfo, ashe abin da na share shi ne ake nema.

Washegari da asuba na koma. Gabas ta haɗa hadari, iska tana kaɗawa mai ƙanshin ƙasa, manoma sun fito bakin gona suna kallon sama. Na cire dogon gilashin na mayar da gajeren da nake ɗaukar taron biki da shi. Maimakon in matsa, sai na yi ta ja da baya, har na fita ta ƙofar baya na tsaya a kan wani tudu bayan danga, inda gidan gaba ɗaya ya shigo: tsamiya, ɗakuna, rumbu, turken awaki, Inna a zaune da faifanta. Komai na hoton ya saɓa wa abin da na sani. Ga igiyar shanya ta ratsa, ga tulu a kife. Hannuna yana ƙaiƙayin in je in kawar da su, na hana shi. Ƙafafun kyamara ma ban kafa ba, na riƙe ta da hannu biyu, don haka ba hannun da ya rage na ƙyastawa.

Matsalar ita ce daga nan tsuntsuwa a cikin ganye ba ta ganuwa. Sai ta buɗe fiffike, farin cikinta ya fito, kuma sai rana ta leƙo ta ƙarƙashin hadarin. Na jira. Rana ta fito, ba tsuntsuwa. Tsuntsuwa ta zo, rana ta shige. Ɗigon ruwa ya fara sauka a wuyana, na rufe kyamara da hula. Sai can hadarin ya tsage, haske ya zubo a kan gidan, kuma ga ta nan tafe daga yamma, fiffike a shimfiɗe, ƙafafu a sake, da dogon kara a baki, ta nufo kan tsamiyar. Na danna sau ɗaya. Kafin in sake juya fim ruwa ya kece.

Ban ba direba fim ɗin ba. A jiƙe na wuce Katsina da kaina, na tsaya a kan masu wankin har suka fitar, na sa suka yi mini babba. Na dawo Daura bayan la’asar, na zarce gidan Malama ko firam ban saka ba. Na tarar yayyenta maza biyu a zaure, an riga an ɗaure kayan Baba a buhu.

Aka tallafo shi. Ya karɓi takardar ya kai ta kusa da ido, ya nisanta ta, ya sake matso da ita. Na ga yatsansa ya tafi kan tsamiyar, ya hau sama, ya tsaya a kan ’yar tsuntsuwar nan da ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Malama ta toshe baki da mayafi. Yatsan ya sauko ya tsaya a kan Inna, ya ɗan jima a wurin. Daga nan ya gangara gefe, sai na ga fuskar tsohon ta canza.

“Wannan hadari ne a bayan gidan?”

Na ce, “Shi ne, Baba. Ruwan ma a kaina ya sauka.”

Ya ɗago ya dubi babban ɗansa. “Kai. Zo nan. Mene ne wannan?”

“Rumbu ne, Baba.”

“Na san rumbu ne, ni na gina shi. Ina sabuwar jinkar da na ce a ɗora? Shamuwa ta sauka, ruwa ya zuba, irin shuka yana ciki, ku kuna nan kun zuba mini ido kamar masu jiran gawa?” Muryarsa ta fito har waje. “Ku kwance buhun nan. Ku biyun ku kama hanya yanzu, kada duhu ya yi muku. Rabi, wannan kunun ya yi sanyi, a ɗumamo shi. A haɗo da ƙwayoyin nan nasu.”

Malama ta ɗauki kofin ta fita da gudu, tana kuka tana dariya. Ni ma na miƙe zan sulale, sai ya riƙo bakin rigata, hoton yana ɗaya hannun.

“Kai kuma mai hoto, kada ka yi nisa. Jibi ka koma ka ɗauko mini rumbun nan, in ga ko sun yi.”